Tsutsar Murzuna da Lokacin Kisanta: Nazari a Gonakin Hatsi na Tibiri da Jiratawa

Tsakure

Maƙalar ta duba matakin tsutsa a rayuwar murzuna, Heliocheilus albipunctella, mai cin zangarniyar hatsi. Matsayinta shi ne, ana tauye darajar yaƙi da murzuna ta hanyar ƙwaro maƙiyinta idan aka auna shi da girbin shekara guda kawai.

Gabatarwa

Murzuna ta zama annoba a yankin Sahel bayan farin 1972 zuwa 1974. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Uwar, mai tashi da dare, tana fitowa daga ƙasa kimanin wata guda bayan ruwan shuka, ta saka ƙwai a zangarniyar da ta fara leƙowa. Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Aikin cibiyar INRAN ta Maraɗi, da abin da Ibrahim Baoua da Malick Ba da abokan aikinsu suka buga a 2014, sun nuna cewa sakin ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon hebetor, yana kashe tsutsar da yawa. Duk da haka akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce: zanzaron ya fi kama tsutsar da ta girma, wadda ta riga ta yi ɓarna. Shi ya sa wasu suka karkata ga Trichogrammatoidea armigera mai kama ƙwai, wasu kuma har yanzu feshi suke so. Da waɗannan ne nake jayayya.

Hanyar Bincike

An bi rubuce-rubucen da aka buga, an kuma fasa zangarniyoyi a gonakin jigawa na Tibiri da Jiratawa, daga fitar kai zuwa girbi.

Sakamako

Ƙaramar tsutsa furen hatsi take ci. Da ta yi ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin tsaba tana yanke ƙananan sanduna masu riƙe da ita, tana zagaya zangarniya. Wannan ne murɗaɗɗen layin da manomi ke gani, kuma a lokacin magani ba ya isa gare ta, don tsaba ta rufe ta. Ga tsawon karan hatsi, ga tsadar maganin, ga shi yana kashe maƙiyan tsutsar tare da ita.

Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa bayan kimanin wata guda. Tsutsar da ta ƙoshi tana saukowa ta shige ƙasa, ta rikiɗe, ta kwanta rani duka har damina. Ke nan duk uwar da za ta saka ƙwai baɗi sai ta bi ta wannan ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar ne zanzaron yake tare ta: macen ta harbe ta, ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, ƴaƴan su tsotse ta, cikin kwana goma ko makamancin haka sababbi su tashi neman wata. A zangarniyar da aka fasa ana samun busasshiyar gawar tsutsa da fararen kwanson zanzaro kusa da ita. Wannan gawa ba za ta maido tsabar da aka ci bana ba, amma an rage uwa guda a daminar gaba. Ma'aunin da ya tsaya ga damin bana ba ya ganin wannan riba, alhali ita ce babba, tunda murzuna ba ta da zubi na biyu da zai cike giɓi. Don haka jakunkunan algarara da ake ratayewa a ƙauye don sakin zanzaro, masu ɗauke da hatsi da tsutsar Corcyra cephalonica da matan zanzaro, ya kamata a rataye su shekara bi shekara, ko a shekarar da ɓarna ta yi sauƙi.

Iyakokin Binciken

Dubawar ta ido ce, ba a tona ƙasa an ƙidaya masu kwanciyar rani ba. Uwayen kuma suna tashi, za su iya shigowa daga gonakin da ba a saki zanzaro ba, kuma tsananin rani yana rage zanzaron kansa.