Shu'aiba, Tsohuwar Tashar Makka

Shu'aiba wani ɗan ƙauyen masunta ne a gaɓar Bahar Maliya, kudu da Jidda, cikin ƙasar Hijaz, wanda duk da ƙanƙantarsa da ƙarancin ruwan daɗi a kewayensa, a da can shi ne matsayar jiragen mutanen Makka tun zamanin Jahiliyya, domin kuwa teku ta kutso cikin ƙasa a wurin, duwatsun murjani kuma sun kare ta daga haukan igiyar ruwa, ta yadda masunci zai jefa tarunsa hankali kwance, falke kuma ya sauke hajarsa.

Malam Azraƙi ya ruwaito a cikin Akhbaru Makka cewa, sa'ad da Ƙuraishawa suka ƙudura sabunta ginin Ka'aba, shekara biyar kafin aiko Manzon Allah (SAW), sai iska ta jefo wani jirgin Rumawa gaɓar Shu'aiba ya farfashe. Walidu ɗan Mugira ya tafi da jama'a suka sayo katakonsa, suka taho da wani masassaƙi mai suna Baƙum, aka yi aikin Ɗakin da shi. Ibn Is'haƙ ya ce a Jidda abin ya auku, amma ga alama ya kira gaɓar ne da sunan tashar da ta shahara a zamaninsa.

Babban abin da ya ɗaukaka ambaton wurin shi ne hijira ta farko zuwa Habasha, a watan Rajab na shekara ta biyar bayan aike, wajen 615 Miladiyya, lokacin da maza goma sha wani abu da mata huɗu suka sulale daga Makka, wasu a ƙasa wasu bisa dabbobi, Allah Ya sa suka dace da jirage biyu na fatake, aka ɗauke su a kan rabin dinari. Ko da 'yan biyar sawun Ƙuraishawa suka iso bakin ruwa, ba su tarar da kowa ba. Cikin waɗannan muhajirai akwai Sayyidina Usmanu ɗan Affan da matarsa Nana Ruƙayya. Abin lura kuwa, shi wannan Usmanu, da halifanci ya zo hannunsa, shi ne ya mayar da tashar Makka zuwa Jidda a shekara ta 26 bayan hijira, bisa roƙon mutanen Makka, waɗanda suka ga ta fi kusa, ta kuma fi yalwa. Bai bari tunawa da ranar tsiransa ta rinjayi maslahar jama'a ba.

Daga nan ayari ya ɗauke ƙafa, Shu'aiba ta koma hannun masu fatsa da kwale-kwale ƙarni bayan ƙarni, har ƙarshen shekarun 1980, da hukumar Saudiyya ta kafa a wurin babbar ma'aikatar tace ruwan teku da samar da lantarki, wadda bututunta ke kai ruwan sha Makka da Ɗa'ifa, alhazai ma suna cikin masu amfana.