Karen Ruwa Biyu: Daga Dajin Farauta Zuwa Ƙofar Gida

Yau hirar ta kare ce.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ikara, Makarfi ko Kudan ya san karen gida: siriri, gajeren gashi, kunne a tsaye, wutsiya a lanƙwashe. Da aikinsa ake riƙe shi. Rani na kamawa, an gama girbi, sai ka ga mafarauta sun fita da gora da karnuka ana kora zomo da gafiya. Bafillatani kuma na tsaron ruga yake ajiyewa. Malamai ma a nan suka ba da dama: farauta, gadin dabbobi, gadin gona. Shi ya sa karen nan wajen zaure yake kwana, abincinsa ƙanzon tuwo da ruwan wanke tukunya.

To ina ɗan ƙaramin nan mai gashi buzu-buzu ya fito? Turawan mulki sun zo da nasu karnukan, daga baya ma'aikata a Zariya da Kaduna suka ɗauki al'adar. Kare kuwa bai san katanga ba. Aka yi ta barbara da na gida, aka samu ruwa biyu: ƙaramin jiki, ga haushi da kaifin kunne. Gashin nan dai shi ne matsalarsa, domin kaska da ƙuma a ciki suke ɓuya, kuma zafin Afirilu yana wahalar da shi. Sai aski, wanka, da maganin tsutsar ciki.

Amma babban batu ciwon haukan kare ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada rigakafinsa a Faransa. A nan gida, aikin likitancin dabbobi na Turawa a Zariya ya fara, kafin a mayar da ɗakin binciken Vom a 1924, kuma Vom ɗin tana haɗa allurar karnuka. Ga asibitin dabbobi na ABU a Samaru, ba nisa daga Hunkuyi. Duk da haka, mutum zai sayi ɗan kwikwiyo mai tsada, kuɗin allura ya gagare shi. Ni dai wannan yana ba ni mamaki.

Kwikwiyo ya kai wata uku a yi masa allura, a maimaita duk shekara. In ya ciji yaro, komai ƙanƙantar ciwon, a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi.