Dokar da aka ce "in kun ga dama": tarihin dokokin zaɓi a wasan D&D

1/ Satin da ya wuce saura kaɗan teburinmu na Dungeons & Dragons ya watse, saboda wata doka ɗaya da ni na shigo da ita. Da na huce sai na koma bin tarihin irin waɗannan dokoki. Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Mutum ɗaya ne alƙalin wasa, shi ke ba da labari, shi ke yanke hukunci. In za ka kai sara ko ka haura katanga sai ka jefa dayis, irin na lido amma mai fuska 20. Labarin mai dogon zango ne, yakan ɗauki watanni. A teburinmu ni ne alƙalin.

3/ Littattafan wasan suna da dokoki iri biyu. Akwai na dole, akwai kuma waɗanda aka ce alƙali ya ɗauka in ya ga dama. Nan rigima take. Kuma rigimar ta girmi D&D nesa ba kusa ba.

4/ A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa rundunarsu wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, ana ce masa Kriegsspiel. Akwai dayis, akwai jadawalin lissafi, akwai alƙali. Sai dai dokokin sun yi yawa, wasa ba ya sauri, hafsoshi suka fara ƙosawa.

5/ A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya kawo shawarar a rage dogaro da jadawali, a bar gogaggen alƙali ya yanke hukunci da saninsa. Daga nan aka samu ɓangare biyu: masu cewa a bi littafi, da masu cewa a bar wa alƙali. Har yau duk teburin da ka je za ka tarar da jikokin waɗannan biyun.

6/ To, mu tsallako Amurka. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin yaƙi da 'yan ƙananan gumakan soja. A 1974 kuma Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, ƙarƙashin kamfanin TSR.

7/ Nan ne abin ya ba ni mamaki. D&D na farko ya ɗauka kana da Chainmail, da shi za ka yi faɗa. Sai aka ƙara wani tsari na daban a matsayin madadi: ka jefa dayis mai fuska 20, ka duba jadawali gwargwadon sulken maƙiyi. Da yawan 'yan wasa ba su da Chainmail, sai suka ɗauki madadin.

8/ Wato jifan dayis mai fuska 20, abin da duk duniya ta san D&D da shi yau, a matsayin zaɓi ya shigo. Ba wanda ya zauna ya ce a naɗa shi sarki. Mutane ne kawai suka ga ya fi musu sauƙi.

9/ Haka ɓarnar makami. A 1974 wuƙa da takobi duk ɗaya ne, dayis mai fuska 6 za ka jefa. Ƙarin littafin Greyhawk na 1975 ne ya ba kowane makami nasa ƙarfin, shi ne kuma ya kawo ɓarawo cikin jerin jarumai. Yau ka ce za ka cire su, sai 'yan tebur su ce ba D&D kake bugawa ba.

10/ Sara mai ninki fa, wanda in ka jefa 20 kowa zai yi ihu? Wani wasan ne, Empire of the Petal Throne na M. A. R. Barker, ya zo da shi a 1975. Gygax bai so shi ba. A bugu na biyu na 1989 ya shiga a matsayin zaɓi. A bugu na uku na 2000, bayan Wizards of the Coast sun sayi TSR a 1997, ya zama doka sosai.

11/ Akwai kuma akasin haka. Daga 1977 zuwa 1979 Gygax ya fitar da Advanced D&D, yana so dokoki su zama bai ɗaya ko don gasa. A littafin 'yan wasa na 1978 akwai wani ƙaton jadawali da ke auna kowane makami da kowane irin sulke. Tebura da yawa tsallake shi suka yi. A 1989 aka rage shi aka mai da shi zaɓi, daga baya ya ɓace.

12/ Bugu na biyar na 2014, wanda muke bugawa, ya sa baiwa ta musamman da haɗa sana'a biyu a jarumi ɗaya duk a cikin zaɓi. Amma mutane suka rungumi baiwar sosai, har a gyaran 2024 ta zama kowane jarumi da ita yake farawa.

13/ Abin da na fahimta: kalmar "zaɓi" a littafi ba ta gaya maka ko doka tana da kyau. Shekara hamsin ke nan tebura na gwadawa, wadda ta ƙara daɗi ba tare da ta cinye lokaci ba ta zauna, wadda ta jawo lissafi kawai ta mutu, ko da an rubuta ta a matsayin dole.

14/ Yanzu ga nawa laifin. A littafin alƙali na 2014 akwai dokar zaɓi: in ku biyu kuka sa maƙiyi a tsakiya, kowannenku zai jefa dayis biyu ya ɗauki mafi girma. Na karanta da daddare, ta burge ni, washegari kawai na ce daga yau da ita za mu yi. Muna wata na huɗu a labarin fa.

15/ Ku duba lissafin. In kana buƙatar 11 zuwa sama, damarka kashi 50 ce cikin ɗari. Da dayis biyu ta koma 75. Wannan garaɓasa ce babba, kuma na raba ta kyauta ga duk wanda ya taka taku biyu.

16/ Wani abokina ya gina jaruminsa ne kacokan a kan samun wannan garaɓasar, kuma tsada yake biya: in ya kai hari ba ji ba gani, maƙiya ma sukan samu irinta a kansa. Rana ɗaya kowa ya samu a banza. Ya ce, "Malam, to ni me ya rage min?" Na ce ai a littafi take. Ya tattara takardarsa, zama biyu bai zo ba.

17/ Wallahi shi ke da gaskiya. Dokar ba ita ce babbar matsalar ba, akwai teburan da ke jin daɗinta. Ni ne na canja sharaɗi a tsakiyar tafiya ban shawarci kowa ba. Wata huɗu ya zuba a jarumin nan.

18/ Ga yadda nake yi yanzu. Kafin a fara labari sai mu yi zama ɗaya ba wasa, a karanto dokokin zaɓi ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai na tambaya: wace matsala za ta magance mana? Minti nawa za ta ƙara wa faɗa? Jarumin wa za ta rage wa daraja? In ba ta da amsar ta farko, a ajiye ta.

19/ In kuma dole sai an shigo da sabuwa a tsakiya, gwaji ne na zama uku, sannan a sake tambayar kowa. Wanda ta taɓa jaruminsa yana da damar sake gina shi.

20/ Na kira abokin nawa na ba shi haƙuri, mun cire dokar. Ranar Asabar bayan la'asar za mu ci gaba, ya ce zai zo. Ku da kuke alƙalanci, wace dokar zaɓi kuka ɗauka kuka yi da-na-sani? Ku faɗa min a ƙasa.