Kayan ɗaki na awo: daga gadon ƙasa zuwa kantocin Dandaji

Kayan ɗaki na awo su ne gado, kanta, tebur ko wurin zama da mai zanen gini ya tsara domin wani ɗaki guda, bisa tsawonsa da faɗinsa da aikin da za a yi a ciki. Sun bambanta da na kasuwa, waɗanda kafinta ke ƙerawa bai san ɗakin da za su shiga ba.

A ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne, sai dai a da magini ne ke yin sa, kuma da ƙasa. Yana tayar da bango yana barin alkuki, wato ɗan gurbin ajiye fitila. Yana gina dakali a ƙofar zaure. A cikin ɗaki kuwa akwai gadon ƙasa, wani ma da rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi lokacin hunturu. Kauri ne ya ba da wannan dama: bangon tubali na ɗaukar gurbi ba tare da ya raunana ba. Da bulo da siminti suka yawaita (ga masana'antar Malbaza kusa da mu), bango ya sirance, alkuki ya ɓace, komai ya koma sai an saya.

Misalin zamani mafi kusa yana ƙauyen Dandaji, yankin Illela a jihar Tawa, ko da yake ba gidan zama ba ne. A cibiyar Hikma, wadda aka kammala a 2018, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci, suka mai da tsohon ɗakin karatu. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya samu kyautar Aga Khan a 1986.

Matsalar a fili take. An gina wurin don sahun salla: ginshiƙan ƙasa masu kauri, rufi mai tsawo, fili babu shamaki. Mai karatu kuwa yana son lungu. Maimakon a tsaga ginin da sababbin bangaye, sai aka sa kantocin littattafai su zama su ne shamaki, suna raba wurin mai karatu shi kaɗai da na masu karatu a rukuni. Tsawon rufin ma bai tafi a banza ba, an ɗora ɗan bene a ciki da matakala ta ƙarfe. Aikin ya samu lambar zinariya ta LafargeHolcim ta Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017.

A Faransa, ɗan ɗakin da Le Corbusier ya gina wa kansa a 1952 mita 3,66 ne kowane gefe, amma ya ɗauki gado, tebur da ma'ajiya, domin tare aka auna su.

Inda abin ya shafi kowa shi ne ranar jere. Sau nawa aka sayo gado da kabad a kasuwar Konni, aka iso gidan ango ƙofa ta ƙi su, ko suka toshe taga ɗaya tilo ana tsakiyar bazara? Kafin a ba kafinta kuɗi, a auna faɗin ƙofa, tsawon bango da gurbin taga. Aibin kayan awo guda ne, ba sa bin mai su idan ya tashi, don haka ɗan haya ya tsaya ga waɗanda ake kwancewa.