Siririyar wayar da ke tada ampili: daga telgiram zuwa falonmu

A makarantu da gidaje da yawa, lasifika ba tsufa ke kashe ta ba, rashin bin tsari wajen kunnawa ne. Masu gyaran rediyo sun daɗe da sanin ƙa'idar: ampili shi ake kunnawa a ƙarshe, shi kuma ake fara kashewa. In aka saɓa, ƙarar "bum" da sauran na'urori ke fitarwa lokacin tashi sai ta bi ta cikin ampili, ya ƙara mata ƙarfi, ta daki lasifika. Ina so in ba malamai da iyaye tarihin yadda aka ɗauke wa mutum wannan aiki.

Tushen abin shi ne rele. Wajajen 1835, Joseph Henry na Amurka ya nuna cewa ƴar ƙaramar wuta, in ta ratsa waya da aka nannaɗe a jikin ƙarfe, tana mai da shi maganaɗisu, ya ja makunni, ya buɗe wa babbar wuta hanya. Da wannan dabara telgiram ya yi nisa, bayan Samuel Morse ya aika saƙo daga Washinton zuwa Baltimo a 1844.

A shekarun 1970, masu ƙera kayan sauti sun riƙa sa ramukan wuta a bayan babbar na'ura, ta yadda in ka kunna ta, duk abin da aka jona mata ya tashi. Sai dai babban ampili yana zuƙar wuta mai yawa a daƙiƙar farko, fiye da abin da waɗannan ramuka za su ɗauka.

A mota kuwa, inda batir ya koma bolt 12 tun shekarun 1950, an bi wata hanya. Rediyon mota yana da siririyar waya, galibi shuɗiya mai farin layi, wadda ke gaya wa ampili ya tashi. Irin wannan dabara ce ta yaɗu a gidaje a shekarun 1990, musamman da faifan DVD ya fito a Japan a 1996 da sauti mai hanya shida, ampili suka yawaita a falo guda. Ana rubuta mata "Trigger", wato kunama irin ta bindiga. Waya ce mai kai na milimita 3,5. Babbar na'ura ta aika bolt 12, relen da ke cikin ampili ya ja, ampili ya sha wutarsa daga bango. In aka kashe ta, shi ma ya kwanta.

Sai wata matsala ta taso: na'urar da ke jiran umarni ita ma tana cin wuta. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi kira da kada cin ya wuce wat 1. Tarayyar Turai ta mai da shi doka daga 2010, ta rage zuwa rabin wat a 2013.

Shawarata ga iyaye: in kayanku suna da wannan rami, ku yi amfani da shi, domin yaro ba zai ƙara barin ampili yana zafi har safe ba, kuɗin wuta kuma ya ragu. Amma kada a soka abin saurare na kunne a ciki don kan ya yi kama, kuma wayar ba ta kare kaya in wuta ta dawo da ƙarfi. In an ɗauke wuta, a zare daga bango.

Malaman kimiyya kuma, batir, ƙusa, wayar tagulla da ƙaramin ƙwai sun isa ɗalibai su haɗa rele da hannunsu, su ga abin da Henry ya gani.