Daga Buhun Gyaɗa zuwa Farantin Sola

Duk wanda ya nemi a haɗa masa sola a Kano yau ya san yadda maganar ke ƙarewa. Mai aikin zai zagaya gidan, ya ƙirga fankoki da ƙwayayen fitila, ya tambaya ko akwai firiza, ya buga lissafi a takarda, sannan ya ce, "Alhaji, sai a saki wani abu mu ɗauko kaya." Wani abun nan sau da yawa ya fi rabin kuɗin, alhali ko ƙusa ba a kafa ba.

Kafin alƙalami tsohon abu ne a garin nan. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke miƙa shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zuwa kakar 1912 kuwa gyaɗa ta cika tasha. Kamfanonin Turawa irin su Niger Company, wanda daga baya ya shige cikin UAC a 1929, da John Holt, suna da kuɗi amma ba su san ƙauye ba. Sai suka riƙa danƙa kuɗi ga fataken da suka goge a cinikin goro, waɗanda Alhassan Ɗantata ya fi kowa fice a cikinsu. Su kuma su raba wa yaransu, yaran su shiga karkara. Kakana na wajen uwa malamin sikeli ne a wata rumfa a ƙasar Gaya. Yakan ba mu labarin yadda ake kawo sulalla a jaka tun gyaɗa tana ƙasa, ya zauna a tabarma yana rubuta sunaye da ajami: wane ɗan wane, na unguwar kaza, buhu kaza. Wanda aka ba kuɗin an san gonarsa, an san gidan surukansa, an san dagacinsa. Ina zai gudu?

Ba ina wanke zamanin ba ne. Bashin kaka ya cinye manoma da yawa, sikeli ma ba kullum yake faɗar gaskiya ba. Amma kasadar tana wuyan mai ƙarfi, shi ke sakin kuɗi ya zauna jira.

Inda baƙo da baƙo za su yi ciniki kuwa, akwai fatoma. Tun zamanin da ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke zuwa Salaga ɗauko goro, falke ba ya sauka sai a gidan wanda zai tsaya masa. Fatoma ya ba shi masauki, ya adana kaya, ya nemo mai saye, ya karɓi la'adarsa. In ciniki bashi ne, shi ne lamuni. A Sabo ta Ibadan haka cinikin shanu ya gudana: mahauci ya kora sa ba tare da biya nan take ba, in ya ci amana maigidan da ya haɗa cinikin ne mai shanu zai riƙe. La'adar nan ta haƙƙin ɗaukar asara ce, shi ya sa ba ta taɓa ba ni haushi ba.

Malamai ma ba su bar abin sakaka ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, salam halal ne, wato a biya yanzu a karɓi kaya gaba, da sharaɗin a fayyace irin kayan da yawansu da lokacin kawowa. Kuɗin kamun da mai kaya zai cinye in mai saye ya fasa kuwa, an hana shi.

Sai ga zamanin duhu. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, muna ta fama da janareta. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kowa ya ɗaga kai yana auna rufin ɗakinsa. Masu haɗa sola suka yawaita, ƙwararru da 'yan ta-ci-barkatai.

A yi musu adalci. Faranti da inbata da batir galibi daga Sin ake shigo da su, da dala ake saye, dala kuwa ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Yaron da ba shi da jari, in ya yanke farashi ranar Litinin bai sayi kaya ba sai Juma'a, ya shiga uku. Dole ya nemi kuɗi a gaba. Sai dai yanzu mai ƙaramin ƙarfi ne ke bayarwa, ga wanda ya gani a Facebook, ba fatoma, ba shaida.

Maƙwabcina, malamin firamare mai ritaya, ya tura wa wani kamfani rabin giratutinsa. Aka zo aka kafa ƙarafa a kan kwano, aka ce batir yana kan hanya daga Legas. Damina ta shigo ta fita. Da ya matsa, aka kawo masa batir mai sabon fenti wanda ba ya kai ƙarfe goma na dare. Rasit ɗin da ke hannunsa layi ɗaya ne: kuɗin aikin sola. Babu sunan batir, babu ƙarfinsa, babu ranar gamawa, balle garanti. Littafin kakana na ajami ya fi wannan takarda bayani.

Doka kam akwai. Wadda ta kafa hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, da aka sa wa hannu a 2019, ta ba mai saye damar fasa odar da ya biya a gaba, a cire masa abin da bai wuce ƙima ba, jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Maƙwabcin nawa bai je ko ɗaya ba, ya ce ba shi da kuɗin sintiri. Wani ɗalibinsa na dā ne ya gano shagon da kamfanin ke sarin kaya a Sabon Gari, ya kai maganar gaban shugabannin layin. Suka ce ba mai ƙara ba yaran kamfanin kaya bashi sai sun sallami malam. Aka canza batir, shi kuma ya yafe kuɗin wayoyin da yaran suka ce sun ƙaru.