Lokacin da kitso ya zama laifi a Amurka

A shekarar 1997 ƴan sanda suka shiga wani shago a birnin Dallas na jihar Texas, suka kama wata mata mai suna Isis Brantley a gaban masu jiran layi. Ba ta yi sata ba, ba ta sayar da ƙwaya ba. Kitso take yi ba tare da lasisi ba. Eh, kitson nan dai da kuka sani, na kibiya da mataji, wanda yarinya a wajenmu ke koya a tsakar gida kafin ta gama firamare.

Jama'a, na kawo tarihin nan ne don ku ga yadda dokar da aka yi don kare mutane ke iya juyewa ta toshe musu hanyar abinci.

A Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke ba da lasisin sana'a ba. Kowace jiha majalisar dokokinta ce ke yanke wanda zai yi aski, wanda zai gyara gashi, wanda zai yanke farce. Tun 1889 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar wa jihohi ikon hana mutum aikin likita sai da takarda, a wata shari'a daga jihar West Virginia. A 1897 jihar Minnesota ta yi dokar lasisin masu aski, sauran jihohi suka bi sahu. Dokokin masu gyaran gashin mata da kwalliya kuwa yawancinsu sun zo ne a shekarun 1920 da 1930.

Kuma a gaskiya, a lokacin akwai dalili. Injin nannaɗe gashi na farkon ƙarni na 20 ƙarafa ne masu zafi da ke aiki da lantarki, haɗe da sinadarai masu ƙarfi, idan hannu bai ƙware ba sai a ƙone fatar kai. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da wata mata, ya raunata wasu, kuma yana cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar tarayya ta abinci da magani da kayan shafa a 1938. Duk wanda ya taɓa ganin kan da man miƙar da gashi ya cinye ya san ba wasa ba ne.

To ina matsalar take? Waɗanda suka rubuta dokokin, gashin Turawa suka sani da aikin da ake yi masa: rini, miƙarwa, nannaɗewa, yanka. Sai suka rubuta cewa duk wanda ya gyara gashin wani aka biya shi, ya shiga wannan sana'a, dole ya je makaranta. Da kitso ya dawo da ƙarfinsa a tsakanin baƙaƙen Amurka daga shekarun 1960 da 1970, daga baya kuma mata ƴan Senegal da Mali da Gini suka buɗe shaguna a unguwanni irin su Harlem, sai doka ta haɗa su a kwando ɗaya da masu sinadarai. Alhali mai kitso ba ta amfani da sinadari, ba ta aske kai. Yatsunta ne jarinta.

Ku lissafa da kanku. A jihar Utah, kafin 2013, ana buƙatar sa'o'i 2,000 na karatu. Idan mutum zai yi awa 8 kullum, kwana 5 a mako, sati 50 ke nan, kusan shekara cur ba ya neman kuɗi, ga kuɗin makaranta na dubban daloli. Wani abin takaicin, yawancin makarantun ba sa ma koyar da kitson. Mace za ta biya kuɗi a koya mata abin da ba za ta taɓa yi ba, don a ba ta izinin yin abin da ta riga ta fi malamanta iyawa. A yawancin jihohi kuwa, ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya na matakin farko, wanda rai ke hannunsa, horonsa bai kai sa'o'i 200 ba.

Waɗanda suka fara tsayawa da ƙarfi su ne Taalib-Din Uqdah da matarsa Pamela Ferrell, masu shagon Cornrows & Co. a birnin Washington. Hukuma ta matsa musu da tara, a 1991 suka shiga kotu da taimakon wata ƙungiyar lauyoyi, Institute for Justice, kuma wannan ce shari'arta ta farko. A ƙarshen 1992 majalisar birnin ta sassauta dokar. A 1999 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ba Dakta JoAnne Cornwell gaskiya, ta ce tilasta mata sa'o'i 1,600 bai da alaƙa ta hankali da aikin da take yi.

A Mississippi, Melony Armstrong ta garin Tupelo ta gano cewa kafin a bar ta ta koya wa wasu kitso sai ta yi sa'o'i 3,200 na karatu. Ta kai ƙara, ta kuma bi ta majalisa. A 2005 jihar ta mayar da sharaɗin zuwa rajista ta dala 25 da amsa wasu tambayoyi a kan tsafta. Daga dubban sa'o'i zuwa dala 25! Mata da yawa da suke aiki a ɓoye suka fito fili suka buɗe shaguna.

Wadda labarinta ya fi taɓa ni ita ce Jestina Clayton, ƴar Saliyo da yaƙin basasa ya raba da gida. Tun tana ƙarama ta iya kitso. A Utah ta riƙa yi a gida don tallafa wa iyalinta, sai aka ja mata kunne cewa ta karya doka. A 2012 alƙalin kotun tarayya ya ce jihar ba ta da hujjar ɗora mata sa'o'i 2,000, shekara mai zuwa majalisar jihar ta gyara dokar. Ita kuwa Isis Brantley, sai da ta kai 2015 tana fama: a watan Janairu kotu ta soke sharuɗɗan da aka gindaya wa makarantarta, har da kujerun aski 10 da wuraren wanke kai 5, a watan Yuni Gwamna Greg Abbott ya sa hannu aka cire kitso daga lasisi gaba ɗaya. Shekara 18 tsakanin kamu da ƴanci.

Wani zai tambaya, idan abin a fili yake haka, me ya sa ya ɗauki shekaru? Ku duba waɗanda ke zaune a hukumomin lasisin. A jihohi da dama ƴan sana'ar ne da kansu, wani lokacin har da masu makarantu. Mai makaranta yana cin abinci da yawan sa'o'i. Mai shago da ta riga ta biya ba ta son wata ta shigo kasuwa a sauƙaƙe, kuma ba zan ce ba ta da abin faɗa ba, ita ma guminta ta zuba. Amma ai ba a ba kura ajiyar nama. Ko Kotun Ƙoli ta lura da haka a 2015, a shari'ar hukumar likitocin haƙori ta North Carolina, inda ta ce hukumar da ƴan kasuwar ke juyawa sai jiha ta sa mata ido sosai kafin ta samu kariya daga dokar hana danniyar kasuwa. A wannan shekarar ce Fadar White House ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar ke buƙatar lasisi, a lokacin rahoton kuwa kusan kashi 25 ne.

A yau fiye da rabin jihohin Amurka sun cire masu kitso daga lasisin kwalliya. Wasu har yanzu suna riƙe da nasu, don haka ƴar'uwar da ke can ko take shirin zuwa da niyyar wannan sana'a, ta fara bincika dokar jihar da za ta zauna, domin abin da ya halatta a Texas zai iya jawo tara a wata jihar.

Ni ban ce a bar sana'a kara zube ba. Mu ma muna da tsarinmu tun da can: wanzamai na da Sarkin Aska, kuma yaro ba ya riƙe aska sai ubangidansa ya gamsu da hannunsa. Aska ɗaya a kan mutum goma na iya yaɗa ciwon hanta, mataji ɗaya na yaɗa kwarkwata, man bilicin na lalata fata. Waɗannan suna buƙatar doka da wayar da kai. Abin da nake cewa shi ne a auna sharaɗi da girman haɗari. Mai sinadari a ba ta horon sinadari, mai kitso a koya mata tsaftar kayan aiki a ƙyale ta ta nemi halalinta.

Saboda haka duk ranar da kuka ji wata majalisa ko hukuma ta ce za ta tsaftace wata sana'a da rajista da lasisi, ku yi tambaya uku. Wane haɗari ake son karewa? Wa ya rubuta sharuɗɗan? Wa kuma za a kora daga kasuwa idan an fara aiki da su? Sau da yawa wadda ake kora ita ce bazawarar da ke ciyar da marayu da kibiyar kitso, wadda ba ta da lauya, ba ta kuma san ƙofar majalisa ba.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci.